Minti Biyar a Bayan Kujera

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Na dawo gida tun azahar. Matata, Maman Biyu, ta ce na shigo kamar wanda aka koro. Na ce kaina ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba.

An ɗaga Ruwan Sanyi daga kujera yau. Ƙanin matata, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ni na kawo shi ɗakin rada, inda muke hango jiragen sama a na'ura muna ba su hanya, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin bai san gabas da yamma a kan allo ba. Dokarmu ke nan: in jirage biyu suka kusanci juna fiye da ƙima a hannunka, sai a karɓi abin kunnenka na magana da matuƙa a ce tafi gida sai an gama bincike. Jirgin fasinja mai mutum ɗari da arba'in da ɗaya yana saukowa, da ƙaramin jirgin 'yan safiyo masu auna ƙasa, suka gifta juna kudu da filin. Ƙafa ɗari biyu tsakaninsu, inda ya kamata a ce dubu. Na'urar cikin babban jirgin ce ta yi ƙara, matuƙin ya fizge shi sama. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Ni ba na ɗakin. Na riga na miƙa masa aiki, sa hannuna yana nan a littafi, sha biyu da minti biyu. Abin ya faru sha biyu da minti shida. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Laraba, 5, kafin in fita aiki

Jiya da safe, kafin duk wannan, aka liƙa takarda a ƙofar ɗakin shayi. Mutum ɗaya za a tura waje wata uku ya koyo sabuwar rada, ya dawo ya koyar da mu duka. Sunan Ruwan Sanyi ne a jiki.

Shekarata goma sha tara ina jera jirage su sauka kamar an auna da igiya. Ba a taɓa ɗaga ni daga kujera ba. A wurin aiki Rula ake ce mini, don ba na barin komai a karkace, ko biro. Shi kuwa Ruwan Sanyi, saboda murya. Ko jirgi goma sun taru masa a kai, magana yake kamar mai lallashin jariri. To murya ce ke raba jirage?

Ba wai na damu ba ne. Lissafin shekaru kawai na yi.

Alhamis, 6, azahar

Shugaba ya rataye abin kunnen Ruwan Sanyi a ƙusa kusa da nawa, kuma duk wanda ya wuce sai ya kalle shi.

Asabar, 8, bayan magariba

Mun je gidansa. Ka ce rasuwa aka yi. Surukata tana can tun safe, yayyensa, maƙwabta, har Injiniya mai gyara mana na'urori ya zo da kwalin lemo. Maman Biyu ta dafa shinkafa tukunya guda ta kai, irin wadda sai na roƙa sau uku kafin in gani a gidana.

Shi kuwa yana zaune a tsakar falo yana ba mutane haƙuri, kamar su abin ya sama. Da ya gan ni ya miƙe, ya ce, "Yaya, ka zo ganin fursuna?" Kowa ya yi dariya. Ni ma na buɗe baki.

Surukata ta riƙe hannuna ta ce ai tunda ina wurin hankalinta a kwance yake, ni ne ubansa a wannan aiki. Na ce Allah ya sa mu ji alheri. Lemon da aka ba ni ban iya shanyewa ba.

Lokacin da aka yi mini aikin ido, mutum huɗu suka zo duba ni. Na ƙirga.

Litinin, 10, ƙarfe uku na rana

Bari in rubuta yadda ake miƙa aiki, don in wani ya karanta wata rana ya san ba wasan yara ba ne.

Ɗakinmu ba taga. Allo ne zagayayye a gabanka, kowane jirgi ɗigon haske, sunansa da tsayinsa a rubuce a gefensa. A ƙasan allon akwai katako mai layi, kowane jirgin da ke hannunka da siririyar takardarsa a jere. In akwai wanda ke bukatar ido na musamman, sai ka karkata takardarsa ta fito daga layi, kamar haƙorin da ya goce. Ba a rubuta wannan a littafin doka ba, amma duk wanda ya taɓa zama a kujerar ya sani. Mai karɓa yakan zo ya jona abin kunnensa kusa da naka, ka bi masa jiragen ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya karɓa, ku sa hannu. Sannan kai mai tashi ka tsaya a bayan kujera minti biyar, har sararin ya zauna masa a kai. Ni na koya masa wannan da bakina.

Rediyo ana naɗarsa, waya ana naɗarta. Abin da mutum biyu suka faɗa wa juna a kujera ba na'urar da ke ɗauka.

Shugaba ya tare ni a matakala yau. Ya ce in abin yaron nan bai yi kyau ba, kada gurbin tafiyar ya tafi a banza, in duba fasfona ko da sauran kwana. Na ce masa ba yanzu ne lokacin wannan magana ba. Ya ce shi ya sa yake girmama ni.

Fasfon yana da sauran shekara biyu. Na duba.

Laraba, 12, bayan la'asar

Na zauna gaban mai bincike. Wata mata ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma sauri. Ta kunna mini muryata ina magana da jirgin 'yan safiyo, sha biyu saura kwata. Matuƙin ya ce na'urarsa mai shelanta suna da tsayi ta mutu. Na ce ya ci gaba da aikinsa kudu da filin a ƙafa dubu huɗu, kada ya motsa daga nan sai ya ji daga gare mu. Tun daga lokacin ya zama ɗigo tsirara a allo, ba suna ba lamba, irin wanda garken tsuntsaye ma kan yi.

Ta ce, "Ka miƙa shi?"

Na ce na miƙa aiki kamar yadda na saba shekara goma sha tara.

Ta rubuta. Ta tambayi inda nake sha biyu da minti shida. Na ce wajen ajiye motoci. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta sake rubutawa. Ban san abin da ta rubuta ba, hannunta ƙanana yake yi.

Muryata a na'ura ba daɗi. Kamar mai karanta sunayen waɗanda suka faɗi jarrabawa.

Juma'a, 14, hantsi

Kyaftin ɗin jirgin safe, bayan na jera shi ya kama hanyar titin sauka, maimakon ya yi sallama ya koma wa hasumiyar filin da ke ba da izinin sauka, sai ya ce ina mutumin nan mai sanyin murya, kwana biyu ba su ji shi ba. A kan rediyon aiki. Na ba shi lambar hasumiya na ce ya sauka lafiya.

Shekara bakwai ina saukar da mutumin nan. Ko ranar da hadari ya rufe gabas, na zagaya da shi ta tsakanin gizagizai biyu kamar zare a allura, abin da ya ce mini shi ne an gode.

Lahadi, 16, da yamma

'Yan biyunmu suna da wasan da suke yi a baranda. Ɗaya ta ɗaura murfin kofi biyu a kunne da ɗankwalin uwarsu, ɗaya ta buɗe hannuwa tana zagaya tukunyar fure. Mai murfin ta sanyaya murya ta ce, "Sauko a hankali, ina ganinki." Sunan wasan Kawu. Shekarunsu shida, kuma ubansu wannan aikin yake yi tun kafin a haife su.

Na ce wa Maman Biyu yaran nan ba su san aikina ba ne? Ta ce to yaushe na taɓa ba su labari, in na dawo sai dai in gyara takalman da ke bakin ƙofa su yi layi. Ta faɗa tana dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Ta rame. Tana tashi sallah ta daɗe a zaune, na kuma san wa take roƙa wa.

Talata, 18, azahar

Injiniya ya kawo mini gulma har kujera. Wai Ruwan Sanyi ya gaya wa mai bincike cewa na faɗa masa zancen ƙaramin jirgin, takardar ma a karkace ya same ta, shi ne ya manta. Wai ya ce laifinsa ne shi kaɗai.

Injiniya ya ce, "Ka ga ɗan halak. Wani da sai ya nemi wanda zai shafa wa."

Na nemi a karɓe ni minti goma. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na tsaya.

Talata, bayan la'asar

Wa ya roƙe shi?

Alhamis, 20, bayan magariba

Ya zo gidana da yamma, lokacin Maman Biyu ta kai yara gidan surukata. Ina jin da gangan ya zaɓi lokacin. Ya zauna a kujerar baranda, ya miƙe ƙafa, ya ce zaman gida ya sa ya san duk tallan da ake yi a unguwarsu da sa'ar da kowanne ke wucewa.

Na ce me ya sa ya faɗi abin da ya faɗa.

Ya ce shi ya sa hannu, sararin nasa ne, ɗigon yana kan allo, ido gare shi. Ya ce in an kama mutum ɗaya ya isa, me za a yi da biyu. Ni ina da shekara shida kafin in ajiye aiki, shi ko an kore shi yana da ƙuruciyar da zai nemi wani abu.

Sannan ya kawo zancen yayarsa, matata, ya ce, "Yaya, Anti ba za ta iya ɗaukar mu biyu ba. Ka bar shi haka."

Ban ce na gode ba. Na ce shayi ko ruwa. Ya ce ruwa. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya ce abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, ba takardar ba. Ya ce ranar ya waiwayo zai tambaye ni wani abu, ya ga bayan kujera ba kowa.

Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ya fi ni murya, ya fi ni jama'a, ya fi ni a wurin 'ya'yana, yanzu kuma ya zo har barandata ya fi ni hali. Ya sha ruwana ya tafi.

Asabar, 22, hantsi

Shugaba ya ce kwamiti zai zauna Talata. Abin da ake shirin yankewa shi ne a karɓe masa lasisin rada gaba ɗaya, tunda da bakinsa ya ce an faɗa masa ya manta. Ya miƙo mini fom ɗin tafiya, ya ce in cike kafin Laraba.

Fom ɗin yana cikin jakata. Na cike shafin farko a mota. Rubutuna ya yi kyau ƙwarai.

Lahadi, 23, bayan asuba

Na karanta abin da na rubuta tun ranar huɗu ga wata. Sa hannuna sha biyu da minti biyu. Ba na ɗakin. Duk gaskiya ne, kuma mutumin da ya rubuta shi maƙaryaci ne.

Ga yadda aka yi.

Ya shigo karɓar aiki ana ta yi masa barka tun daga ƙofa. Ya jona abin kunnensa, yana ƙanshin sabon turare, ya sunkuyo ya ce, "Yaya, kai kaɗai ne ba ka taya ni murna ba." Na bi masa jiragen da sauri, guda shida, duk masu suna a allo. Na bakwai ba shi da suna, yana cikin kaina ne da cikin karkatacciyar takarda. Da na miƙe, hannuna ya shafi katakon ya daidaita takardun, kamar yadda nake yi wa takalma da biro da komai. Wannan ban yi da niyya ba, Allah ya sani. Na zare abin kunnena na fita, don ba zan iya tsayawa minti biyar ina kallon ƙeyarsa ba.

A matakala na tuna. Hawa na biyu, inda tayil ya fashe. Na tsaya, hannuna a kan ƙarfe. Taku goma sha biyar ne zuwa ƙofar ɗakin. Sai wani abu a cikina ya ce, ai gwani ne, shi aka zaɓa, bari ya gani da idonsa.

Ban yi tunanin mutum ɗari da arba'in da ɗaya ba. Ko ɗaya ban tuna ba. Shi kaɗai nake gani, yana ɗan daburcewa, muryar nan tana rawa sau ɗaya a rayuwa, a kan na'ura, kowa ya ji. Na sauka na tafi wajen mota.

Shi bai san da matakala ba. Yana tsammanin mantuwar dattijo yake rufa wa asiri.

Litinin, 24, bayan la'asar

Na faɗa wa Maman Biyu a kicin. Tana yanka albasa, ba ta daina ba har na kai ƙarshe. Na faɗa mata har matakalar. Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta goge, ta ce, "Kwana ashirin kana kallona ina kuka."

Na ce eh.

Ta ce gobe fa? Na ce zan shiga kwamitin. Ta tambaya don Allah zan yi ko don ƙaninta. Na so in ce don Allah. Abin da ya fito shi ne, ba zan yarda ya riƙe wannan a kaina har in mutu ba, ya riƙa zuwa gidana yana yi mini kirki. Ta dube ni ta ce ko tubana ma da hassada a ciki. Ban musa ba.

Ashe ƙofar kicin a buɗe take, yaran suna baranda.

Talata, 25, azahar

Na faɗa. Mai tabarau ta ce akwai ƙari? Na ce akwai matakala.

Alhamis, 27, hantsi

Abin kunnena ne a ƙusa yanzu. Injiniya ya ce ba wanda ke kallonsa, kowa sauri yake ya wuce.

Ruwan Sanyi an ba shi takardar gargaɗi saboda ƙaryar da ya yi wa bincike, zai koma kujera bayan sati biyu. Tafiyar an ba wata daga rukunin dare, mai shekara takwas a aiki. Ni lasisina ya tafi. Shugaba ya ce in an tausaya za a sa ni ofishin ƙasa, inda ake karɓar takardun tashin jirage a buga musu hatimi. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Ya karɓi fom ɗinsa, ya ga shafin farko a cike.

Ruwan Sanyi yana cikin ɗakin lokacin da na kai zancen matakala. Na daɗe ina son in ji muryar nan ta yi rawa. Ta yi. Ya ce, "Yaya, ashe ka tuna?" Sau ɗaya ya faɗa. Ba ta yi mini daɗin da na zata ba.

Bai kira ba tun ranar. Surukata ma haka. Maman Biyu tana ajiye mini abinci a rufe, tana amsa gaisuwa. Jiya ta ɗauki tukunyar shinkafa ta fita, ban tambayi inda za ta ba.

Har yanzu gidansa ake cika. Na san bai kamata in rubuta wannan ba, amma ga shi na rubuta.

Lahadi, 30, da yamma

Ina falo, suna baranda. Babbar ta ɗaura murfin kofi ta ce ita ce Kawu. Ƙaramar ta ce ta gaji da zama jirgi kullum, yau ita ce Baba. Na ajiye jaridar. Shekara shida ina jiran a sa ni a wasan nan.

Babbar ta ce, "To ai Baba ba ya komai. Tashi za ki yi ki fita."

Ƙaramar ta miƙe, ta jera takalman bakin ƙofa suka yi layi, ta wuce ciki ba waiwaye. Har tafiyata ta iya.

Aka bar babbar ita kaɗai da murfi a kunne, tana magana da jirgin da babu. Na fita na tsaya a bayan kujerarta. Ta waiwayo ta ce me nake yi. Na ce aiki nake, ta ci gaba. Na duba agogona, na tsaya har suka cika.

Minti biyar ba wani yawa gare su ba.